Tambaya Ta Uku

Ranar Talata, aji na sha huɗu,
fanka ɗaya ke juyawa, ita ma da ƙyar.
Dakta Tanimu ya rubuta a allo:
"Kafin ka ce mutum ya ɓata hanya,
koyi faɗin inda ya ce za shi."
Ya kakkaɓe alli a gefen rigarsa,
ya ce mu buɗe shafi na tamanin.

Shafi na tamanin kogi ne a Indiya,
mutane tsaye cikin ruwa har ƙirji,
hannaye a haɗe, rana na ɓullowa.
Na yi a'uziyya a zuci,
sannan na ɗauki biro.

Babana mai gyaran agogo ne a bakin Kasuwar Rimi.
Da daddare ya ɗaga littafin da yatsu biyu
kamar wanda ya tarar da kunama a takalmi.
"Kuɗin rajistar da na yi wata bakwai ina tarawa,
na karatun gumaka ne, Nafi'u?"
Na ce, "Baba, agogon mutane nawa ka buɗe bana?"
"Ba su ƙirguwa."
"Akwai wanda ya sauya maka lokacin azahar?"
Bai tanka ba.
Bai kuma miƙo littafin ba sai da gari ya waye.

Rifkatu Habila, 'yar Sabon Gari,
benci ɗaya muke zama.
Na cika shafi biyu kan abin da suke yi ranar Ista,
ta karanta, ta yi dariya har da dafa tebur.
"Wa ya gaya maka wannan?"
Na ce haka kowa ke faɗa a layinmu.
Ita ma ta yi nata kan watan azumi,
sai da jan birona ya kusa ƙafewa.
Muka yi musayar takardu a gindin darbejiya,
kowa ya tafi gida da kuskurensa a aljihu,
tsohon kuskure, mai shekara ashirin,
wanda ba wanda ya taɓa nuna masa.

Mako na tara aka zo kanmu:
Dutsen Dala, da abin da aka bauta wa a can
kafin kiran salla ya iso garin nan.
Aji ya yi tsit.
Na Sin da na Indiya ba wuya, suna nesa.
Wannan kuwa daga soron gidanmu ake hango shi.
Wani daga baya ya ce, "Malam, a tsallake."
Dakta ya ce, "Kakanninka ne.
Ba a ce ka bi su ba, an ce ka san su."

Ranar jarrabawa, tambaya ta uku, maki ashirin:
"Bayyana abin da mabiyin Buddha ke nufi da mutuwar kwaɗayi,
yadda in ya karanta zai ce, haka ne."
Raddi na zuwa mini kamar karatun hadda,
tun ina Islamiyya na iya shi.
Na riƙe hannuna.
Na rubuta mutumin da ya lura
cewa akwai ƙishirwar da sha ke ƙara wa ƙarfi,
na rubuta fitilar da ba a hure ta ba,
mai ne ya ƙare, ta yi shiru.
Ban gaskata ba.
Ban kuma yi masa ƙarya ba.

Na fito, na sauka daga adaidaita a Kabuga,
ana kiran magariba.
Butar masallacin nan mai yoyo ta gindi
ita na samu, na yi alwala da sauri
kafin ruwan ya gudu.

Sakamako ya fito bayan wata biyu.
Sha uku cikin ashirin.
Baba yana sunkuye, tabarau a ido ɗaya,
yana laluben wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba.
Bai ɗago ba ya ce,
"Sauran bakwai ɗin fa, ina ka kai su?"